Tafiyar ƙasa da hawan keke a ƙasashen Turai

Mutanen karkara sun saba ganin Bature cikin mota. In ya zo duba rijiya, cikin mota yake. In ya zo ganin gona ko lakwal, cikin mota yake. Don haka mutane da yawa suna tsammani a Turai ba mai taka ƙasa, kowa da motarsa, ba ya fita sai ya kunna ta. Abin ba haka yake ba. Gaskiya ne motoci suna da yawa a can. Amma kowace safiya miliyoyin Turawa suna tafiya wurin aiki a ƙasa ko bisa keke. A wasu garuruwa ma keke ya fi mota yawa bisa hanya. A wasu kuwa da wuya a ga mai keke. Karatun wannan wata ya shafi yawan wannan tafiya da dalilin da ya sa ƙasa ta bambanta da ƙasa.

Turai tana arewa da Nijar, bayan hamadar Sahara da tekun Bahar Rum. Ba ƙasa guda ba ce. Ƙasashe ne fiye da 40, kowace da gwamnatinta. Can aka ƙago keke. A shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl Drais ya yi na farko, da itace, ba shi da feda, sai dai mahayi ya riƙa tunkuɗa ƙasa da ƙafafunsa. Keke mai sarƙa da ƙafafu biyu masu girma ɗaya, irin wanda kowa ya sani yau, a Ingila aka fito da shi a 1885.

Yadda ake ƙirga tafiya

Yaya ake sanin yawan masu tafiya a ƙasa? Gwamnatoci suna da ma'aikatan ƙidaya. Sukan zaɓi mutane dubbai, birni da ƙauye, maza da mata, yara da tsofaffi. Sai a tambayi kowa ina da ina ya je, da me ya je, kilomita nawa ne. In mutum ya tashi daga gida ya je kasuwa, tafiya guda ke nan. In ya komo gida, tafiya ta biyu. Bayan an tara amsoshi sai a duba: cikin kowace tafiya 100, nawa aka yi a mota, nawa a ƙasa, nawa bisa keke?

A Faransa an yi irin wannan ƙidaya a 2019. Cikin tafiya 100, wajen 63 a mota aka yi su, 24 a ƙasa, 9 a bas ko jirgin ƙasa. Keke bai samu ba sai 3. A Jamus ƙidayar 2017 ta nuna 22 a ƙasa, 11 bisa keke. A Ingila keke bai wuce 2 ba. Amma a ƙasar Holand, cikin tafiya 100, wajen 27 bisa keke ake yin su. Wato in Baholande ya fita sau huɗu, sau ɗaya kekensa ya hau.

A lura da abu biyu. Na farko, mota ce ke gaba har yanzu a yawancin Turai, kada a ce ba a faɗa ba. Na biyu, tafiyar ƙasa kusan ɗaya take a manyan ƙasashen nan, wajen tafiya ɗaya cikin huɗu ko biyar. Wurin keke ne bambanci ya yi yawa. Tsakanin Faransa da Holand ƙasa ɗaya ce kawai, Beljiyam. Amma inda Bafaranshe ya hau keke sau ɗaya, Baholande ya hau sau tara.

Ƙasar da keke ya fi mutane yawa

Holand ƙaramar ƙasa ce a bakin teku. Girmanta kusan ɗaya ne da na jahar Maraɗi. Amma mutane miliyan 18 ne ke zaune cikinta, kuma kekunansu sun kai wajen miliyan 23. Wani yana da biyu: tsoho na zuwa aiki da kasuwa, sabo na yawon ranar hutu.

In aka tambayi dalili, amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙasar shimfiɗaɗɗa ce, ba tudu ba dutse. Gaskiya ne. Wani sashe nata ma ya fi teku gangarowa, sai da madatsai ake tsare ruwa. Amma wannan amsa ba ta isa ba. Akwai wurare masu shimfiɗa da yawa a Faransa da Ingila inda ba a hawan keke haka. Kuma Holand ƙasar iska ce da ruwan sama da sanyi. Wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san iska ma tudu ce.

Dalili na gaske yana cikin abin da ya faru shekaru 50 da suka wuce. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, arziki ya komo Turai. Albashi ya ƙaru, mota ta yi araha. Kafin nan ma'aikatan Ingila da Faransa da Holand duka bisa keke suke zuwa aiki. Da mota ta samu, sai aka jingine keke, aka ɗauke shi abin hawan talaka. Hukumomi suka rushe gidaje don faɗaɗa hanyoyi. Filayen da ake cin kasuwa suka zama wurin ajiye motoci. Holand ma haka ta yi.

Sai mutuwa ta biyo baya. A farkon shekarun 1970, haɗarin hanya yana kashe mutane fiye da 3000 a Holand kowace shekara. Fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Wato kowace rana ta Allah akwai gidan da ake makokin yaro. Wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe ƙaramar ɗiyarsa tana bisa keke, ya rubuta magana mai zafi cikin jarida a 1972. Kan maganar shi ne a daina kisan yara. Iyaye, musamman mata, suka ɗauki wannan kalma suka kafa ƙungiya da ita. Suka riƙa fita zanga-zanga da ƴaƴansu. Sukan tare hanya, su fito da tebur da kujeru, su ci abinci a tsakiyar titi, yara suna wasa. Abin da suke nufi shi ne hanya ta kowa ce, ba ta mai mota kaɗai ba.

Ana cikin haka sai ga wahalar man fetur. A watan Oktoba na 1973, lokacin da fari ya yi tsanani a ƙasashen Sahel, yaƙi ya tashi tsakanin Larabawa da Isra'ila. Ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Holand mai. Gwamnatin Joop den Uyl ta hana hawan mota ranar Lahadi. Daga 4 ga Nuwamba 1973 zuwa 6 ga Janairu 1974, Lahadi goma aka yi ba mota bisa hanya. Mutane suka fito da kekuna suka hau manyan hanyoyin kwalta. Yaran da suka tashi cikin ƙarar inji suka ji garinsu shiru a karo na farko. Gani ya kori ji. A 1975 masu keke suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, tana nan har yau.

Abin da aka gina

Kuka kaɗai ba ya gyara hanya. Sannu a hankali hukumomin garuruwa suka sake tsari, suka sa kuɗi. Babban abin da suka yi shi ne raba hanya uku: ta mota dabam, ta keke dabam, ta mai tafiya a ƙasa dabam. Ba layin fenti kawai aka ja ba. Tsakanin mota da keke akan sa dakali ko ciyawa ko jerin itatuwa. Hanyar keke jan kwalta gare ta, don kowa ya gane ta daga nesa. Tana da nata fitilun tsayawa da wucewa. Yau tsawon irin waɗannan hanyoyi a Holand ya kai wajen kilomita 35,000. Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. A yi wannan tafiya kusan sau 40 kafin a ƙure hanyoyin keken wannan ƙaramar ƙasa.

Cikin unguwanni, inda hanya ba ta da faɗin da za a raba, sai aka rage wa mota gudu. A yawancinsu ba ta wuce kilomita 30 a awa. Garin Goroningen, a arewacin ƙasar, ya yi wata dabara a 1977. Ya raba tsakiyar gari kashi huɗu. Mai mota ba ya iya ratsawa daga kashi zuwa kashi, sai ya fita ya kewaya ta babbar hanya. Mai keke da mai ƙafa kuwa kai tsaye suke wucewa. Ƴan kasuwa suka yi fushi, suka ce ciniki zai mutu. Bai mutu ba. Yanzu fiye da rabin tafiye-tafiyen cikin garin bisa keke ake yin su. Ba wanda aka tilasta wa. Mutum ya duba ya ga keke ya fi sauri, sai ya hau.

Doka ma ta tsaya wa mara ƙarfi. In mota ta yi karo da mai keke ko mai tafiya a ƙasa, yawanci ɓangaren mai mota ne ke biyan aƙalla rabin ɓarnar, ko da mai keken yana da nasa laifi. In yaro ne wanda bai kai shekara 14 ba, yawanci duka ake biya. Hujjarsu ita ce wanda ke riƙe da abu mai kisa shi ya fi cancanta ya yi hattara. Ƴan lakwal kuma, in sun kai shekara 11 ko 12, sukan yi jarrabawar dokokin hanya. A lakwal da yawa har fita suke yi bisa keke cikin gari, manya suna tsaye a mararraba suna duba su.

Mutanen Holand sun ƙaru da miliyoyi tun 1972, motoci sun ninka. Duk da haka masu mutuwa a haɗarin hanya sun ragu zuwa wajen 700 a shekara.

Wa ke hawa?

Kowa. Likita da alƙali da mai shara, hanya ɗaya suke bi. Mark Rutte, wanda ya shugabanci gwamnatin ƙasar daga 2010 zuwa 2024, ya sha zuwa biro bisa kekensa, ba jiniya ba rakiya mai yawa. Ba wanda ya ce ya zubar da girma. Mata sun fi maza yawan hawa. Uwa takan ɗora yaro guda a gaba, guda a baya, ga cefane cikin jakunkuna biyu a gefen kariya. Akwai keke mai babban akwati a gaba, kamar ƙaramin amalanke, wanda ke ɗaukar yara biyu ko uku. Tsofaffin da gwiwa ta fara gajiya suna sayen keke mai batir, wanda ke taimakon ƙafa.

Keken yau da kullum ba na ado ba ne. Baƙi ne, mai nauyi, mai dogon kai, mahayi yana zaune sak kamar bisa kujera. Su da kansu suna kiransa keken kaka. Ba a sa masa tufafi na dabam, da rigar aiki ake hawa. In ana ruwa a sa rigar ruwa a ci gaba.

Mai aiki a wani gari yakan hau keke zuwa tashar jirgin ƙasa, ya ajiye shi, ya shiga jirgi. Don haka a tashar garin Utirek an gina gidan ajiye kekuna mai hawa uku, aka gama shi a 2019. Yana ɗaukar keke 12,500. Yini da kwana na farko kyauta ne.

Ba a ce komi ya yi daidai ba. Ɓarayin keke sun yi yawa ƙwarai, har mutane sukan sa wa tsohon keke makulli biyu. A Amstardam, babban birnin ƙasar, ma'aikata sukan tsamo kekuna fiye da 10,000 daga magudanan ruwa kowace shekara. Kuma har yanzu masu keke fiye da 200 ne ke mutuwa bisa hanya a shekara, yawancinsu dattawa. Keke mai batir yana da gudu, ƙashin tsoho kuwa ba ya jure faɗuwa.

Sanyi da zafi

Arewa maso gabas da Holand akwai ƙasar Danmak. Babban birninta Kopenhagen. Can ma hanyar keke dabam take. A 2016 aka ƙirga abubuwan hawa masu shiga tsakiyar birnin, aka tarar kekuna sun fi motoci yawa. Lokacin sanyi ƙanƙara takan rufe hanyoyi, amma ana hanzarta share ta keke, don haka yawancin mahaya ba su fasa fita.

Zafi fa? A kudancin ƙasar Ispaniya akwai birnin Sebiya. Da bazara zafinsa yakan kai digiri 40, kamar na Tawa a watan Afirilu. Da can ba mai hawan keke a garin sai ɗai-ɗai, ana cewa zafi ne ya hana. Daga 2006 hukumar gari ta shimfiɗa wa keke hanyarsa dabam, wajen kilomita 80 cikin shekara biyu. Nan da nan mahaya suka ninka sau da yawa. Rana ba ta rage zafi ba. Tsoron mota ne ya ragu.

Pari, babban birnin Faransa, ita ma ta bi sahu a baya-bayan nan. A 2007 aka zuba kekunan haya a tituna, mutum ya ɗauka a nan ya ajiye a can. A 2021 aka rage gudun mota zuwa kilomita 30 a yawancin titunan birnin. Wani bincike da aka bayyana a 2024 ya nuna cikin birnin kansa keke ya wuce mota: cikin tafiya 100, wajen 11 bisa keke, 4 a mota. Fiye da 50 kuwa a ƙasa ake yin su.

Masu tafiya a ƙasa

Tsofaffin biranen Turai an gina su tun ba a san mota ba. Lunguna ƙanana ne, gidaje a cunkushe, kamar tsohuwar unguwar Birni a Damagaram. Mai burodi da mai magani da lakwal duka suna kusa da gida. Wanda kantin burodi ke nesa da shi da taku 300 me zai yi da mota? Birnin Benis na ƙasar Italiya bisa ruwa yake, da gadoji fiye da 400. Mota ba ta shiga tsohon garin, keke ma an hana. Mai kuɗi da talaka, ko ƙafa ko jirgin ruwa.

Wasu garuruwa da gangan suka mayar wa ƙafa hanyarta. Kopenhagen ta hana mota shiga babban titin kantunanta tun 1962. A arewacin Ispaniya akwai garin Pontebedira, mai mutane wajen 80,000. A 1999 suka zaɓi wani likita ya zama magajin gari. Ya fitar da motoci daga tsakiyar garin, sai masu kawo kaya da masu larura. Daga baya aka kafa alluna masu nuna minti nawa mutum zai yi a ƙasa daga wuri zuwa wuri. Mutumin da ke shirin ɗaukar mota ya duba ya ga tafiyar minti 8 ce, sai ya taka.

Akwai maganar lafiya a ciki. Turawa da yawa aikin zama suke yi, daga kujerar mota zuwa kujerar biro. Zama mai yawa yana jawo ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wani bincike na 2015 ya nuna hawan keke yana tsare mutuwar mutane wajen 6500 a Holand kowace shekara.

Amma kada a haɗa tafiyar Bature da ta mutumin karkara. Tasa gajera ce, bisa daɓe mai santsi, da takalmi mai kyau, kuma in ya gaji akwai bas. Baholande, duk da sunan da ya yi, in aka raba tafiyar kekensa bisa kwanakin shekara, wajen kilomita 3 ne a rana. Matar da ke ɗebo ruwa da itace, ko manomin da gonarsa ke bayan gari, sukan cika minti 150 ɗin nan kafin makon ya yi nisa, da kaya a kai, cikin rairayi. Su ba likita ne ya aike su ba.

Aikin lissafi da tambayoyi

Baholande yana yin kilomita 3 bisa keke kowace rana. Kilomita nawa ke nan a mako? Nawa a shekara mai kwana 365?

Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 5 a awa. Mai keke yana cin 15. Kasuwa tana da nisan kilomita 15. Awa nawa kowannensu zai yi kafin ya isa?

A raba minti 150 bisa kwana 5. Minti nawa ke nan a rana?

Ƴan karatu su tattauna da malaminsu: me iyayen Holand suka yi da mota ta riƙa kashe ƴaƴansu? Me ya sa mutanen Sebiya suka hau keke alhali zafi bai ragu ba? A garuruwan da babbar hanyar kwalta ta ratsa, ta ina yara ke ƙetarewa zuwa lakwal, kuma wa ke tsaya musu?